Tsatsa ko fenti: duron mai tsakanin Wagadugu da Matameye

Duro mai cin lita 200 ba ya mutuwa da wuri a ƙasar Hausa. Idan man da ya ɗauko ya ƙare, sai ya koma ma'ajin ruwan magina. Idan ya ɓule, maƙeri ya tsaga shi, ya shimfiɗe shi da guduma, ya fitar da ƙyaure, ko akwatin tufafi, ko murhun gawayi, ko teburin mai shayi. Duk wanda ya ratsa Matameye ya nufi iyakar Ɗan Barto yana ganin irin wannan aiki a rumfunan masu walda, kamar yadda ake ganinsa a kasuwar Katako ta Yamai. Ba mai kiransa fasaha. Rufin asiri ake ce masa.

Amma kuma wannan duron ne ya kai Hamed Ouattara, ɗan Burkina Faso da aka haifa a 1971, har birnin Los Angeles na Amurka, inda gidan baje kolin Friedman Benda ya nuna kayansa a 2023. A Wagadugu yake aiki tare da maƙeransa, da hannu suke yanka suna bugu, suna ƙera kabad da tebur da kujeru. A Dakar ma Ousmane Mbaye, wanda ya fara da gyaran firji, ya yi suna da kujerun duro. Abin da ya fi ɗaukar ido a aikin Ouattara shi ne bai ɓoye asalin ƙarfen ba: shuɗi ko jan fentin kamfanin mai yana nan, lotsawar da duron ya sha a bayan mota tana nan, tsatsa ma an bar ta a inda ta ci.

Wannan tsatsa ce masu sharhi na Turai suka fi yabo, kuma a nan ne suka yi sake. Son tsohon ƙarfe sha'awa ce ta wanda bai taɓa kwana a ɗakin da kwanonsa ke yoyo ba. Uwar da ke haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki a Matameye ko Kance ba za ta yarda ƴan ganin ɗaki su karanta sunan man inji a jikin kabad ba, kuma tana da gaskiya, domin kayan ɗaki mutuncin gida ne. Ga wani dalili na sana'a da mai kallo daga nesa bai sani ba: sau da yawa sai an babbake duro kafin a taɓa shi, don a kore ragowar mai ko kwalta, wuta kuwa ba ta barin launi. Fentin da mai walda ke shafawa daga baya, har da ƴan furanni a murfin akwati, shi ne nasa adon.

Darajar Ouattara tana wani wuri dabam, wurin da hoto ba ya nunawa sosai. Tana cikin awo. Ƙofofin kabad ɗinsa sun daidaita, faci ya hau kan faci kamar ɗinkin rigar da aka yi wa lissafi, tsayuwar kayan kuma tana tuno da ginin ƙasa na yankin Sahel, mai kauri a gindi da ado a ka. A nan ne aikin gida ke faɗuwa. Bakin ƙarfe da ba a goge ba yana yaga zane, walda tana tsayawa gudaji-gudaji, ƙafa ɗaya ta tebur sai an tokare ta da dutse. Laifin bai tsaya kan maƙeri shi kaɗai ba: mai saye da ya taya rabin kuɗi ya sayi rabin aiki, wutar lantarki kuma ba kullum take zama ba.

Duk da haka akwai abu guda da rumfunan nan suka ƙware a kai har ba sa bukatar darasi daga kowa, wato kujerar rodi da ake saƙa wa igiyar roba. Guntayen ƙarfen gini ne da igiya mai launi biyu ko uku. Iska tana ratsa ta a watan Afrilu, lokacin da kujerar kwano ke ƙuna kamar tanda. Yaro yana ɗaukarta da hannu ɗaya zuwa inuwar bedi. In rana ta cinye igiyar, a sake saƙa wata a kan ƙarfen nan dai. Cheick Diallo na Mali ya fita duniya da kujeru na wannan dangi, ƙarfe da zaren roba saƙar hannu, gidajen tarihi na Turai suka karɓa.

Abin mamaki, idan ƙungiyoyin al'adu na jihar Damagaram suka shirya baje koli, fata da ƙwarya da tabarma ake jerawa, a ɗora kujerar sassaƙe ta mata a gaba. Kujerar rodi kuwa tana can ƙarƙashin rumfa, manyan baƙi na zaune a kanta, ba wanda ya tambayi sunan wanda ya saƙa ta.