Jabu Ko Sake Buhu? Nazari A Kan Yadda A Ke Bayyana GB WhatsApp A Ƙasar Gobir

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai cajin waya a Isa ko Sabon Birni, ko a ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Tozai, ya san yadda manhaja ta ke shiga wayar talaka. Ba safai mai waya ya ke ɗauko ta da kansa ba. Ya kan miƙa wayar ga yaron rumfa, yaro ya tura masa daga tasa ta Xender, tare da wa'azi da waƙoƙi, a ba shi abin da ya sawwaƙa. Cikin abin da a ke turawa haka akwai wadda a ke kira GB WhatsApp, da 'yan'uwanta irin su FMWhatsApp da YoWhatsApp. An sha yin gargaɗi a kansu da Hausa, amma mutane ba su bar su ba. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne Hausar gargaɗin ita kanta, domin da alama laifin ba duka ya ke wajen masu sauraro ba.

An ƙago WhatsApp a Amurka cikin 2009, kamfanin Facebook ya saye ta cikin 2014. Ta kan zo wa wayar Android a ƙunshe wuri guda, kamfani ya buga wa ƙunshin hatiminsa na lissafi wanda ba mai iya kwaikwayo. Sai waɗansu gwanayen kwamfuta su kwance ƙunshin, su ƙara abin da su ke so, su sake ɗaurewa, su buga nasu hatimin, su raɗa mata sabon suna. Saƙo yana tafiya yana dawowa ta cikinta kamar ta asali. Har ma ta kan yi abin da ta asalin ba ta yarda da shi ba, watau mutum ya ga saƙon da aka goge, ko ya kwafi hoton da wani ya kafa na yini ɗaya.

To, kalmar da masu gargaɗi suka fi kamawa ita ce "jabu", ko "ta bogi". A nan ne tuntuɓe na fari ya ke. A Hausa, jabu shi ne abin da ba ya aikin da ya yi da'awa: kuɗin jabu ba ya sayen gero, maganin jabu ba ya sauke zazzaɓi. Bahaushe kuwa da gwaji ya ke gane jabu. Manomi ya gwada wannan manhaja, ya aika murya ga ɗansa a Legas, amsa ta dawo, ya kuma ga tana da abin da ta maƙwabcinsa ba ta da shi. Me zai ɗauki mai gargaɗi? Ko dai maƙaryaci, ko wanda bai san abin da ya ke faɗi ba. Sa'an nan ya koma ga yaron rumfa, wanda ya san ubansa.

Wata kuma ita ce cewa manhajar "ba ta hukuma ba ce". An fassaro wannan ne daga Turanci, inda a ke nufin kamfani bai san da ita ba. Amma hukuma a kunnen Bahaushe gwamnati ce. Mutumin bakin iyaka, wanda ya tashi ya tarar da Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri dangi ɗaya ne, kaya na ƙetarawa ta barauniyar hanya, bai ɗauki rashin hannun hukuma aibi ba. Sau da yawa ma kayan da ba su bi ta kwastan ba su ne masu araha.

Mafi muni ita ce "tsaro". A Isa da Sabon Birni, tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar, in an ce matsalar tsaro, hanyar Shinkafi a ke nufi, da harajin da a ke ɗora wa ƙauyuka, da kuɗin fansa. A zo a ce wa wanda ya kwana a daji wayarsa tana da matsalar tsaro, ai an yi masa ba'a. Kalmar da ta dace tana nan kusa, ita ce "sirri", ko "asiri", kuma babu Bahaushen da bai san nauyin tonuwar asiri ba.

Ga shi kuwa haɗarin gaskiya ne. Cikin Agusta 2021 kamfanin Kaspersky ya ba da labarin ya sami muguwar manhaja mai suna Triada a cikin FMWhatsApp, wadda ke iya karanta saƙonnin da ke shigowa waya, ta kuma sa mutum cikin abin biyan kuɗi bai sani ba. Ta shigo ne a cikin kayan talla da aka liƙa wa manhajar, watau mai yiwuwa ne shi kansa mai ɗaurin bai san abin da ya ɗaure ba. Cikin Oktoba 2022 aka sami irinta a YoWhatsApp, a watan nan kuma kamfanin Meta, watau Facebook na da, ya kai ƙarar kamfanoni uku bisa zargin sace asusun mutane fiye da miliyan ɗaya ta irin wannan hanya.

Da masu bayani sun duba kasuwa, da sun sami misalin da ya fi. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sha jin labarin shinkafar waje da a ke juyewa cikin buhun ta gida. Manomi kuma ya san takin da aka sake wa buhu. Taki ne, ba a ce ba taki ba ne, amma wani hannu ya farke ɗinkin, kuma ba wanda zai rantse cewa ba a gauraya yashi ba. Haka man 'yan bumburutu: fetur ne, babur yana tashi da shi, sai dai ba a san galan nawa ya bi ba. "Sake buhu" ta yarda da abin da mutum ya gani da idonsa, cewa abin yana aiki, sa'an nan ta nuna masa inda shakka ta ke. "Jabu" kuwa ƙaryata idonsa ta ke yi.

Amma fa misalin yana da iyaka. Buhun taki in ya cuci mutum, sau ɗaya ne a damina. Manhaja kuwa tana zaune cikin waya dare da rana, an ba ta izinin ganin lambobi da hotuna da jin murya. Saboda haka sai an haɗa da misali na biyu. Tun 2016 WhatsApp ta ke kulle saƙo yadda ba mai buɗe shi a hanya, kuma waɗansu su kan kafa hujja da wannan su ce ba abin tsoro. Dattawan da suka ga zamanin marubutan wasiƙa na bakin gidan waya sun san amsar. Ambulan yana kare wasiƙa daga ɗan aike, ba ya kare ta daga marubuci. Manhajar da ke cikin waya ita ce marubucin. Ita ke jin magana tun ba a liƙe ba. Tambayar da ya kamata a sa a bakin mai waya ita ce, wane ne marubucina, wa ya san gidansu?

Saura abu guda da gargaɗin ya kan tsallake. Ya kan ƙare da cewa a goge manhajar nan take, don kamfani yana rufe asusun masu amfani da ita, kamar yadda ya yi wa masu WhatsApp Plus na awa 24 cikin Janairu 2015. Gaskiya ne. Amma ba a cika gaya wa mutum cewa in ya goge ba shiri tsofaffin saƙonninsa na iya tafiya tare da ita ba, ba a kuma gaya masa cewa waɗansu abubuwan da suka kai shi can ta asali ta samu, kamar ɓoye cewa yana kan waya cikin 2022, da lamba biyu a waya ɗaya cikin 2023. Mutanen wannan ƙasa sun ɗanɗana shirun waya cikin Satumba 2021, sa'ad da aka katse layuka a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, ga shi dangin da yawansu suna gudun hijira a jihar Maraɗi tun 2019. Wanda muryar 'yarsa da ke can ta ke cikin wayar nan ba zai goge kome ba don an rubuta masa da boko cewa jabu ce. Sai an faɗa masa da murya, da Hausar da a ke cewa "tahi" da "hwara", an kuma fara da yaron rumfa, tun da ya ke shi ne zai kwashe saƙonnin ya adana kafin a goge.