Tazarar Yadi 440: Sharhi a kan Tsarin Gari da Yaƙi da Annoba a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala muna so mu yi nazarin wata aƙida da masu tsara birane suka gada daga Turawan mulkin mallaka, wato cewa maganin annoba shi ne nisanta mutane da juna. Za mu auna ta da abin da ya faru a Kusada, ƙaramar hukumar da Bauranya take ciki, a shekarar 2020.

2.0 Asalin Aƙidar

Bayan da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro, sai Turawa suka ɗauki wariya a matsayin rigakafi. A zamanin Gwamna Lugga, musamman bayan dokar tsarin garuruwa ta 1917, an tanadi fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba a yarda kowa ya yi gini a cikinsa ba. Ta haka Nasarawa ta Kano ta sami iska da itatuwa da faffaɗan tituna, alhali cikin birni yana fama da kududdufai da kwatami. Ke nan dokar ba ta yi nufin kawar da cuta ba, iyakarta ta tsare ta a wajen talakawa.

3.0 Inda Aƙidar Ta Gaza

Idan muka duba cututtukan da suka fi addabar mu, za mu ga tazara kaɗai ba ta isa ba. Sanƙarau, wadda ta halaka fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, tana bin numfashi ne a ɗakuna masu cunkoso lokacin rani da bazara. Amai da gudawa kuwa gurɓataccen ruwa take bi, kamar yadda John Snow ya nuna a Landan tun 1854, sa'ad da ya gano famfon da yake yaɗa ta. Maganin ta farko iska, na biyun kuma ruwa mai tsabta da masai nesa da rijiya.

Da korona ta ɓulla a 2020, sai aka koma ga tsohuwar dabara: aka hana taro, har da sallar Juma'a a Jihar Katsina. A ƙarshen Maris na wannan shekara aka kama wanda ya jagoranci sallar Juma'a a Kusada, washegari tarzoma ta tashi, aka ƙona ofishin 'yan sanda. Ba mu goyi bayan wannan ɓarna ba ko kaɗan. Amma a namu ganin, lamarin ya nuna cewa masallaci da kasuwa ba abin da za a kulle da umarni kawai ba ne, domin a nan ibadar mutane da abincinsu suke. Mai neman na yau a yau ba zai iya zaman gida ba.

4.0 Abin da Muke da Shi

Garin Bahaushe ya zo da nasa tanadin. Akwai dandali a ƙofar fada, da filin Idi a bayan gari, da rumfunan kasuwa waɗanda iska take ratsawa, da zaure inda baƙo yake tsayawa ba tare da ya shiga cikin gida ba. Waɗannan wurare suna ba da damar a taru ba tare da an cunkushe ba. Abin takaici, a manyan biranenmu an yanka da yawa daga irin waɗannan filaye an mai da su fulotai da kantuna.

5.0 Kammalawa

Garuruwa irin su Kankiya, da take kan hanyar Kano zuwa Katsina, da Kusada da Bauranya, suna da damar da Kano ta riga ta rasa, domin gine-gine ba su gama cinye filayensu ba. Shawararmu ita ce, hukumomi da masu sarauta su keɓe dandali da filin Idi a rubuce tun kafin a sayar da su, a sa ruwa da makewayi a kowace kasuwa da tasha, a kuma bar tazara tsakanin rumfuna. Filin da Turawa suka keɓe don raba mutane, mu sai mu keɓe shi don su haɗu lafiya. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.