Masu kankare ƙasa a Zamfara

Daga garin Zakka, dajin Rugu kawai za ka ratsa ka faɗa Zamfara, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400. A lokacin, duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun sha yabo, kuma sun cancanta. Amma ni yau masu shebur da baro nake yi wa jinjina. Magani ba ya amfanar yaron da zai koma cikin gubar, don haka dole ne su tsabtace gidajen. Tare da ƙwararrun kamfanin TerraGraphics suka bi ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida, ana auna ƙasa da na'ura, su kankare ta sama, a kai rami nesa da gari a binne, su zubo sabuwa. Ɗaki-ɗaki, har ƙarƙashin gado, hanci a rufe da takunkumi cikin zafin rana. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kai gare shi, bayan dogon jiran kuɗin gwamnati.