Agogon hannunka bai san kana farke ba

Mai karatu, in kana cikin masu kwana suna ƙirga azarar ɗaki, da safe kuma agogon hannunka ya ce ka yi barcin awa 7, to kada ka yi saurin ƙaryata kanka. Waɗannan agoguna sun yawaita a hannun matasa daga Birnin Kudu har Gwaram, kuma lambar da suke nunawa ta fara zama hujja a gidaje: "Ai ga shi nan ka yi barci, raki ne kawai."

Matsalar tana cikin abin da agogon yake aunawa. A cikinsa akwai 'yar na'ura mai jin motsi, wasu kuma sun ƙara da bugun zuciya. In hannu ya daɗe bai motsa ba, sai lissafin ya ce barci ne. Amma barci a ƙwaƙwalwa yake. Shi ya sa gwajin da likitoci suka dogara da shi yake liƙa wayoyi a kai da fuska, yana karanta lantarkin ƙwaƙwalwa da motsin ido, daƙiƙa 30 bayan daƙiƙa 30.

A 2013 Marino da abokan aikinsa a Amurka sun gwama hanyoyin biyu. Na'urar hannu ta gane kusan kashi 96 cikin 100 na lokacin barci, amma kashi 33 kacal na lokacin farkawa. Yi lissafin da kanka. Ka kwanta awa 8, uku daga ciki idonka biyu. Na'urar za ta kama kamar awa ɗaya, ta mayar da biyu barci. Awa 5 ta koma 7 ke nan. Ga mai barci lafiya kuskuren ƙarami ne, tunda farkawarsa kaɗan ce. Wanda ya fi buƙatar awon, shi aka fi cuta.

To ka duba yadda muke kwana. Mai rashin barci a Gwaram cikin zafin Afrilu yakan lafe a gidan sauro, yana tasbihi a zuci ko sauraron rediyo, bai ko juya ba don kada ya tashi iyali. Duk wannan barci ne a wurin agogo. Ga tashin Asuba, ga komawa bayanta, ga ƙailula, ga Tahajjud a Ramadan. Barci ne gutsi-gutsi, alhali da yawa cikin na'urorin barcin dare mai tafiya ɗaya suka fi iya karantawa.

Ba wai agogon bai da amfani ba. Yana nuna lokacin kwanciya da tashi na tsawon makonni, kuma an san wasu masu rashin barci kan ƙiyasta barcinsu ƙasa da yadda yake. Sai dai a 2017 Kelly Baron da abokan aikinta sun ba da labarin marasa lafiya da damuwar neman maki mai kyau a na'ura ta ƙara dagula musu barci.

Likita ba da agogo yake gano cutar ba. Abin da yake tambaya shi ne: wahalar barcin tana kai dare 3 a mako, ta yi wata 3, tana kuma taɓa aikinka da rana? In haka ne, ɗauki biro da littafi, rubuta lokacin kwanciya, farkawa da tashi na mako 2, ka tafi da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa. Kada kuma ka sayi ƙwayar barci a kemis, ko ka fasa zuwa asibiti, saboda abin da agogo ya faɗa.