Gwanin da ke Karanta Tsoka

Idan likita ya gutsuro ɗan nama daga bakin mahaifar mace don neman sankara, ba shi ke yanke hukunci ba. Ɗakin gwaje-gwaje ake kai naman, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka falle-falle, a rina, sannan a miƙa wa likitan binciken tsoka. Majinyaciya ba ta cika ganinsa ba, amma rahotonsa ne ke nuna irin maganin da za a yi mata.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take, kuma nau'i na 16 da na 18 ne ke haddasa kimanin kashi 70 cikin ɗari. Ƙwayar tana samar da sinadarai biyu, E6 da E7, su gurgunta p53 da Rb, masu hana ƙwayoyin halitta hayayyafa barkatai. Sannu a hankali ɓarnar ke tafiya, yawanci shekara 15 zuwa 20.

A ƙarƙashin fatar bakin mahaifa akwai wani siririn tantani mai kama da dangar gona. Muddin gurɓatattun ƙwayoyin halittar suna samansa, ba su da hanyar kaiwa ga jini, kuma ana iya ƙone wurin ko a yanke shi, shi ke nan. Amma da zarar sun fara fitar da sinadaran da ke narkar da tantanin, sai su kutsa cikin tsoka, su bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar ƙugu. Suna kuma yaɗuwa gefe da gefe har su matse bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ƙodar ta gaza.

To, a kan wannan tantani gwanintar take. Wani lokaci ƙwayoyin sukan cika ramukan da ke fitar da majinar bakin mahaifa, su yi kamar sun nutsa alhali ba su keta ba. Sabon hannu zai ruɗe. Gwani kuwa gefen yake dubawa: sumul yake ko ya yi tsini-tsini? Tsokar da ke kewaye ta taurara? Idan bai gamsu ba, sai ya sa a ƙara yanko masa falle.

In ya tabbatar an keta, sai ya auna zurfi. Idan bai wuce milimita 3 ba, kuma ƙwayoyin ba su shiga hanyoyin jini da na ruwan jiki ba, sau da yawa wurin kaɗai ake cirewa, mace ta tsira da mahaifarta har ta haihu. Kuskure kaɗan a nan na iya raba amarya da haihuwa, ko a bar cuta a jikinta. Shi ya sa nake ganin girman wannan aiki ƙwarai. Sai dai gwani ba ya karanta abin da ba a kawo masa ba, don haka mu taimaki iyaye mata su je gwaji tun ba su ji ciwo ba.