Hajjin Malcolm X da karatun da ake yi masa a gurguje

Akwai wani karatu da ya zama ruwan dare game da littafin tarihin rayuwar Malcolm X, wanda Alex Haley ya rubuta daga bakinsa, ya fito a 1965: wai mutum ne mai zafin rai da ya je Makka ya dawo ya huce. Wannan karatu ya fi yi wa masu son kwanciyar hankali daɗi, amma littafin bai goyi bayansa ba.

Farkawa biyu ce a cikinsa. Ta farko a gidan kaso ta same shi, tsakanin 1946 da 1952, inda ɓarawon da bai gama makaranta ba ya zauna yana kwafe ƙamus da hannunsa, shafi bayan shafi, har ya rungumi koyarwar Elijah Muhammad, wadda ke ɗaukar farar fata a matsayin shaiɗan. Ta biyu ita ce hajjin Afrilun 1964, bayan ya rabu da ƙungiyar Nation of Islam. A can ya ci abinci a akushi ɗaya da alhazai farare, ya gane cewa zalunci ba a jini yake ba, a tsarin al'umma yake.

A nan ne masu karatun gurguje suke rufe littafi. Amma duk wanda ya gane cewa wariya aikin hannun mutane ce, ya gane kuma cewa ana iya rusa ta, kuma nauyin ya hau kansa. A watan Yuni na shekarar ya kafa ƙungiyar haɗa kan baƙar fatan Amurka, a Yuli kuma ya isa Alƙahira, wajen taron shugabannin Afirka, yana roƙonsu su kai ƙarar Amurka gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya huce ba ya yin haka.

Gwanintar littafin tana cikin wani abu da Haley ya nace a kai: ya hana Malcolm komawa ya gyara babobin farko, inda yake yabon Elijah Muhammad da zuciya ɗaya. Saboda haka mai karatu yana ganin mutum yana yin imani, yana kuskure, yana tuba, ba tare da an share sawun kuskuren ba.

Rauninsa kuwa yana cikin babin da aka fi so. Malcolm ya ga Makka da idon baƙon Yarima Faisal, wanda aka ba masauki da mota. Bai tsaya kan cewa sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta ba, shekara biyu kacal kafin zuwansa. Jikokin alhazan ƙasar Hausa da suka tafi a ƙasa ta Cadi da Sudan, waɗanda aka kira Takari a can, sun san wani labarin da bai shiga babin ba.

Akwai kuma hannun Haley. Manning Marable, a littafinsa na 2011, ya nuna cewa an cire wasu babobi da suka fi nutsewa cikin siyasa. Ɗaya daga cikinsu ya shiga hannun cibiyar Schomburg ta New York a 2018. Malcolm bai ga littafin a buge ba, domin an harbe shi ranar 21 ga Fabrairu 1965, yana da shekara 39.