A bar wa casamiento romon wakensa

Duk mai bibiyar masu koyar da girki a YouTube da TikTok ya san yadda casamiento, shinkafa da waken mutanen El Salvador, ya shiga yayi. Da yawa daga masu nuna shi 'ya'yan ƙasar ne da suka tashi a Amurka, kuma abin farin ciki ne a ga matashi ya koma madafa yana neman ɗanɗanon gidansu. Sai dai yayin ya zo da wata ɗabi'a da ba ta kwanta mini ba. Za ka ga an fasa gwangwanin wake, an tsiyaye ruwansa, an ɗauraye shi, an juye a kan shinkafar da aka sauke yanzun nan, an ce ga casamiento ya haɗu. A ganina shinkafa ta samu, wake ya samu, amma abin da ke ɗaure su wuri guda ya bi rariya.

A gidajen El Salvador wannan abincin rana ta biyu ne. Ranar farko tukunyar wake ake ɗorawa, galibi ƙananan jajayen nan da suke kira frijol rojo de seda. A jefa albasa da tafarnuwa, a bar shi ya nuna a hankali har ruwan ya yi duhu, ya yi kauri yana kama ludayi. A ranar, da romonsa ake shan sa, a haɗa da wainar masararsu mai kauri, wato tortilla. Abin da ya rage sai ya kwana, shinkafar da ta rage ita ma ta kwana. Washegari a soya albasa da koren tattasai, a zuba waken da ludayi ɗaya ko biyu na romon, a murje kaɗan daga ciki da bayan cokali, sannan a juye shinkafar jiya a yi ta juyawa. Shinkafar da ta kwana ta riga ta tsane, don haka takan zuƙe romon har kowace ƙwaya ta rine, ba tare da ta caɓe ba. Wadda aka sauke yanzu cike take da ruwa, ba ta da wurin karɓar komai. A gefen faranti a sa soyayyiyar agada, da cuku, da kirim mai ɗan tsami, wani lokaci da ƙwai. Bahaushen da ya san ɗumame ya fi tuwon daren jiya daɗi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tukunyar waken nan ta girmi shinkafa nesa ba kusa ba. A Joya de Cerén, ƙauyen manoma da tokar dutse mai aman wuta ta binne wajen shekara ta 600, wanda aka gano a 1976 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1993, masu bincike sun tarar da wake ajiye a gidajen mutane tare da masara da barkono. Shinkafa kuwa sai bayan zuwan Sifaniyawa ta shigo yankin. Shi ya sa a wannan girki wake ne mai gida. Wanda ya ba shi muhimmanci kaɗan ya juya abincin ƙafa a sama.

Na san daga inda gwangwani ya samo ƙofa, kuma ba na raina dalilin. Yaƙin basasar da aka gwabza daga 1980 zuwa 1992 ya ci rayuka kusan 75,000, ya kuma kori ɗimbin jama'a zuwa Los Angeles da kewayen Washington. Yau 'yan asalin El Salvador da ke Amurka sun haura miliyan 2, kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa gida kuma ya kusa rubu'in tattalin arzikin ƙasar. Da gumin aikin dare da rana ake samun kuɗin nan. Uwar da ta dawo a gajiye ta fasa gwangwani don 'ya'yanta su kwana da abinci a ciki, Allah ya saka mata da alheri, babu mai ganin laifinta. Ƙorafina yana kan mai koyarwa, wanda ke nuna wa dubban mutane hanyar dole kamar ita ce asali.

Abin da ake mantawa shi ne tsohuwar hanyar ma masu ƙarancin lokaci da ƙarancin kuɗi ne suka fito da ita. Tukunya ɗaya takan ciyar da gida kwanaki: yau a sha romo, gobe a yi casamiento, jibi a niƙa sauran a soya, a ci da tortilla ko a cusa a cikin wainar masarar da suke kira pupusa. Itace ɗaya aka ƙona, ba a zubar da ko cokali ba. Wannan dabarar tattalin gida ita ce gadon, ta fi jerin kayan haɗi daraja, kuma ita ce ke ɓacewa idan aka mayar da girkin na zama ɗaya.

Shi ya sa aikin Karla Vasquez ya burge ni. Ita 'yar El Salvador ce da ta girma a Los Angeles, ta bi matan ƙasarsu ta rubuta girkinsu tare da labarin rayuwarsu, littafin ya fito a 2024 da sunan The SalviSoul Cookbook. Ta fahimci cewa abinci irin wannan a hannun iyaye mata yake, kuma sai an zauna kusa da su ake ɗaukarsa. Can nake so yayin ya nufa.

Ga namu da ke son gwadawa, a sani cewa jan waken nan ba jinsin farin wakenmu na garau-garau ba ne, don haka a nemi jan. A jiƙa shi tun dare, a bar shi ya tafasa sosai da farko, domin jan waken da bai nuna ba yana ɓata ciki. Shinkafar da za ta kwana a sa ta a firji da zarar ta huce. Wasu gidajen can da kitsen alade suke suya, amma man gyaɗa ya wadatar. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A nan wake kaɗai ake so ka dafa, kuma idan ya dahu, ka adana romon kamar yadda za ka adana waken.